Maigadi da Madubin Hansatu

Shekara goma sha tara ina gadin makarantar nan ta Roni,
ni da gora da tocila da buta,
da wani kare da bai taɓa yarda nawa ne ba.
Sai ga Malama Hansatu mai koyar da lissafi
da wani bututu ɗaure a bayan babur,
bai kai turmi kauri ba, bai kai taɓarya tsawo ba.
Madubin hangen nesa, in ji ta.
Ta kafa shi kan ƙafa uku kamar murhu
a bayan aji shida, inda awaki ke kwana.

Na ce, Malama, wata za ki duba? Ai salla da saura.
Ta ce, Baba Ilu, duniya nake nema.
Na ce, wannan da muke ciki ba ta ishe ki ba?
Ta yi dariya, ta jona batir.

Abin da muke tsaki a kai, shi take wa godiya:
wata uku ba a kawo wuta ba,
sama ta fito tas, kamar an shanya gero kan baƙin bargo.
Kaza da 'ya'yanta na kiwo ta gabas, ba ta kula su ba.
Wani ɗan tauraro ta zaɓa wanda ido ba ya kamawa,
ba shi da suna sai lamba, kamar buhun taki.

Ta ce shi ma rana ce, nisa ne ya ƙanƙantar da shi,
kuma akwai duniyar da ke kewaya shi.
Ba za mu gan ta ba.
Sai dai in ta gifta ta gabansa haskensa ya ragu,
kamar a zare ƙwaya ɗaya daga cikin ɗari.

Nan na gyara zama.
Na ce, wannan ai aikina ne.
Daga ƙofar nan ina hango fitilar mai shayi a tasha.
In ta ƙifta, mutum ya wuce.
In ta daɗe a dusashe, jaki ne da kaya.
In ta ƙifta kullum bayan lisha,
Ɗanjuma ne zai je kashe injin ban-ruwa,
kuma ban taɓa ganin fuskarsa a duhun ba.
Ta dube ni, ta rubuta wani abu a littafinta.

Daren farko gajimare ya cinye shi.
Dare na biyu layin da ke kwamfuta ya faɗa rami,
ta yi tsalle har ɗankwali ya zame.
Muka haska: tsaka ce kwance a bakin madubin, tana hutawarta.
Ta ce kada in gaya wa ɗalibai.
Biyu kawai na gaya wa.

Dare na tara sauro ya yi mana caa,
na hura gawayi, muka sha shayi ba madara.
Ƙarfe ɗaya da kwata, daidai inda lissafinta ya ce,
layin ya sunkuya,
kaɗan,
kamar dogo zai shiga ƙofar bukka.
Ya yi awa biyu da wani abu yana tafiya a duƙe,
sannan ya miƙe.

Ba guɗa, ba ganga. Zakaran firinsifal ma bai sani ba.
Ta ce wasu a wata ƙasa sun riga ta gani,
nata shaida ce, za ta aika da lambobin in an samu sabis.
Na ce shaida ma aiki ce, tambayi alƙali.

Ta naɗe wayoyinta ta tafi ta ɗan runtsa.
Ni na zauna ina tuna Barmani, Allah ya ji ƙanta.
In na dawo da asuba, tun daga bakin danga
sai hasken aci-balbal ya ragu a tsagar ƙofa,
in san ta tashi, ta gifta da butar alwala.
Yanzu in na bar fitila a kunne
haka nake tarar da ita.

Malama ta ce jibi akwai wani tauraron.
Zan zo da gawayi,
da tsintsiyar korar tsaka.